Duwatsun Teku a Siton Citta

Shekara biyar ke nan cif da muka binne Filibus a gefen gonar mahaifinsa, a wani ƙauye da ke gindin dutsen Kagoro. Ajiyar da ya taɓa ba ni ba ta da yawa in an ƙidaya: akwatin katako uku, cikinsu ƙananan jakunkunan yadi ɗari da huɗu, kowace da 'yar takarda ɗaure a wuyanta. Talatin da takwas tsakuwa ce da aka kwaso daga ƙasan teku, sittin da shida kuma daga rafukanmu na nan. A cikin waɗannan jakunkuna akwai aikinsa na shekara huɗu, akwai digirin da yake nema, akwai kuma sunansa a wurin malaman da suka yarda da shi. Duka ukun a sitona ya rasa su, kuma da hannuna. Har gobe waɗanda suka san labarin suna cewa sakacinsa ne. Shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

Ni ba mutumin boko ba ne. Dillalin citta ne a Kafanchan, aji huɗu na yi na fita. Mahaifina lebura ne a tashar jirgin ƙasa, bai bar mini rumfa ba, bai bar mini jari ba. Da kaina na fara dakon citta, har na kai ga sito nawa a bayan tasha. Abin da ya tsayar da ni da ƙafata shi ne ajiya. Manomi daga Kwoi ko Kachia zai kawo busasshiyar cittarsa ya bar mini wata huɗu, wata biyar, har kasuwa ta yi kyau, ya koma gida ya yi barci. Ba takarda tsakaninmu. An dai san cewa abin da ya shiga siton Garba yana fitowa yadda ya shiga, ko ma fiye.

A elementare muka haɗu da Filibus, benci ɗaya. Shi ɗan manoma ne, Kirista, da yarensu na gida, Hausarsa ma a bakina ya gyara ta. Na fita na shiga kasuwa, shi ya yi gaba har jami'a, har Turai, yana karatun duwatsu. Ina ce masa Likitan Dutse tun kafin ya fara neman digirin, shi kuma yana ce mini Sarkin Citta. A can Turai ne aka ɗauke shi a wani jirgin ruwa na masu bincike, suka yi makonni a tsakiyar teku suna zura wani ƙaton kwandon ƙarfe da sarƙa, suna jawo duwatsu daga inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. Malaminsa ya ba shi kasonsa ya dawo da shi gida, saboda jami'ar da zai koyar a Zariya tana jiran na'urar awo. Shekarar da aka sauya mana kuɗi zuwa naira ce. Ɗakin da aka ba shi a can yana yoyo, na ƙauye kuma bunu ne, sai ya ce ba inda ya fi sitona bushewa.

Ranar da ya kawo akwatunan lokacin mangwaro ne. Na buɗe jaka ɗaya na ga baƙar tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa, ya riga ya farfasa su ya cire bayansu. Na buɗe wata, ita ma haka.

Na ce, "Likita, duk duwatsun da Allah ya zuba mana a nan ba su ishe ka ba, sai ka je teku ka ɗauko irinsu?"

Ya ce, "Kai ma duk cittar Kachia ba ta ishe ka ba, ga ka kullum a Kwoi. A idona citta citta ce."

"A'a, kar ka yi saɓo. Ba ɗaya ba ne."

"To, ka ba kanka amsa."

Sai ya ɗauki mangwaro ya yanka. Ya ce duniya haka take: ɓawo siriri, shi muke takawa, ƙwallo a can tsakiya, tsakaninsu kuma tsoka mai kauri, ita ce mafi yawan duniyar. Dutse ce, amma mai zafi ƙwarai, cike da ƙarfe da wani sinadari da ya kira maganiziyam. Ba wanda ya taɓa haƙa rami ya kai gare ta. Amma a tsakiyar teku, tsakaninmu da Amurka ta Kudu, akwai jerin tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, da tsaga a tsakiyarsu, ƙasa tana buɗewa a hankali, abin da bai kai tsawon yatsa ba a shekara. Ta nan tsokar take ɗan narkewa, ruwanta ya hau sama ya daskare ya zama baƙin dutse. Wanda ya auna wannan dutse ya san abin da ke ƙasa.

Ya ce abin mamakin shi ne dutsen teku kamar tunkuza yake, gyaɗar da aka riga aka matse manta. Akwai sinadaran da suke saurin bin ruwa in dutse ya narke, kamar wanda ke sa ruwan toka kaifi, fotashiyam. A dutsen teku ɗan kaɗan ne ƙwarai, alamar an taɓa matse tsokar da ke wajen tun da daɗewa. Baƙin dutsen rafukanmu kuwa yana zaton nasa da yawa. Yana so ya auna su a na'ura ɗaya, jaka bayan jaka, ya ga ko tsokar da ke ƙarƙashin ƙasarmu da ta ƙarƙashin teku daga tukunya ɗaya suke. Har ya ce kwarin Binuwai ma tsaga ce da ta fara buɗewa ta fasa, da ta ci gaba da yanzu muna bakin teku.

Na ce, "Ana sayen wannan abin?"

Ya yi dariya ya ce, "Ko kyauta ba mai karɓa."

Daga nan hankalina ya koma kan sikeli. Na ji duk abin da ya faɗa, ga shi har yau ina iya maimaitawa. Amma a kaina na riga na ajiye shi a inda nake ajiye abin da ba a saye. Ya ce mini kar a taɓa, kar a motsa. Na ce masa ni ake gaya wa ajiya?

Wani lokaci nakan tsaya a ƙofar sito in yi tunanin abin da zai ce da ya ga garin yau. Kuɗin mai ya shigo, kowa ɗan kwangila ne. Jirgin da muke saita agogo da shi yanzu sai ya ga dama yake zuwa, manyan motoci sun ɗauke masa kaya. A rafukan wajen garin Gidan Waya, inda ya sha yawo da guduma da jakar baya mutane suna masa kallon wanda kansa ya taɓu, yanzu samari ne suka bar gona suna tona yashi suna neman wani shuɗin dutse da baƙi ke saye a ɓoye. Ya taɓa nuna mini irinsa a tafin hannunsa, ya ce baƙin dutsen nan ne ya ɗauko shi daga ƙasa, ya mayar da shi aljihu kamar ba komai ba. Da yana nan da sun mai da shi sarki, da ya ƙi, da sun zage shi. Ina jin da zai fi damuwa da ramukan da suke bari a buɗe, shanu da yara suna faɗawa.

Cikin watan Agusta na shekarar da ya kawo akwatunan aka yi ruwa kwana da kwanaki. Wata safiya muka janye buhunan citta daga kusurwar gabas, sai ga gara ta yi gini a jikin akwatunan Filibus. Ta cinye gindin biyu, ta shiga na uku. Wasu jakunkuna sun fashe, tsakuwa ta zube cikin jar ƙasa.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Jakar da ta fashe ba ta wuce goma sha biyu ba. Sauran suna nan a ɗaure, takardunsu ana iya karantawa. Gidan waya kuwa tafiyar minti biyar ne daga sitona, da na buga masa waya can Zariya da jibi yana nan. Ban buga ba. Kunya ce ta hana ni. Gara a siton Garba, a kan ajiyar aboki? Na ce kafin ya dawo sai na gyara kayan nan ya same su fiye da yadda ya bar su, domin a sana'armu haka ake wanke laifi.

Na kira matan da ke tsince mini citta. Babbarsu Mama Ladi, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ɗaga jaka ɗaya ta duba takardar, ko da yake ba ta karatu.

Ta ce, "Maigida, wannan takarda fa Malam ya ɗaura shi da hannunsa. Kowane jaka da nasa. Ka bari ya zo."

Na ce, "Mama Ladi, dutse ne. Duk baƙi ne, duk ɗaya ne. Kwance kawai."

Ta ce, "To. Mu dai a coci in an rubuta sunan yaro a littafi, ba a goge shi."

Na ce mata nan ba coci ba ne. Sai ta kwance.

Muka zazzage jaka ɗari da huɗu a kan tabarma ɗaya. Aka wanke su a daro, aka tace da rariya, aka shanya. Sannan muka yi musu abin da muke yi wa kowane kaya kafin ya hau jirgi: manya gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙanana gefe guda. Na sayo sababbin buhuna uku. Saboda kar gara ta dawo, na sa aka kawo toka daga murhun masu tuyar ƙosai, aka zuba mudu biyu a kowane buhu aka cakuɗa sosai, yadda ake yi wa wake. Ruɓaɓɓen katakon da tsofaffin jakunkunan da takardun na tara su a bayan sito na sa musu wuta don garar ta mutu. Na ɗinke bakin buhunan da kaina, ɗinki mai kyau. Na tuna a ranar har daɗi na ji.

Ya dawo bayan ruwa ya ɗauke, a jirgin safe, ko gida bai biya ba. Tun daga ƙofa yake kira, "Sarkin Citta, na'ura ta iso! Fito mini da 'ya'yana!" Na kai shi gaban buhunan ina ba shi labarin gara da yadda na yi maganinta. Ya farke ɗinkin na farko ya zura hannu. Hannun ya fito fari fat da toka. Ya daɗe yana kallonsa.

"Takardun fa, Garba?"

"Na ƙone su. Gara ta..."

"Duka?"

"Duka."

Ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya zauna a kan sikeli. Na ce masa ai yana da na'ura, ya auna mana, wanda sinadarin tokar nan ya yi kaɗan a cikinsa na teku ne, mai yawa namu ne, ba shi ya gaya mini ba? Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Abin da zan auna ɗin ne ka zuba musu mudu shida. Ko na wanke, wa zai yarda? Kuma in ni ne zan raba su da awon, sannan in ce awon ya nuna sun bambanta, na zama ni ne mai kaya, ni ne mai sikeli, ni ne shaida. Kai za ka sayi citta a haka?"

Na ce a'a.

Bayan kwana uku ya dawo ya ce mini ya rubuta wa malaminsa da jami'a cewa shi ya bar kayan a inda bai dace ba, suka lalace. Bai ambaci sunana ba. Na ce don me? Ya ce, "Nawa ya riga ya tafi. Kai kuwa in aka ji ka buɗe ajiya ka ƙone takardun mai ita, wane manomi zai ƙara kwana da cittarsa a nan? Asara ɗaya ta isa." Na yi masa musu, amma irin musun da ake yi wa mai tayin abinci. A cikin raina sanyi na ji. Na bar shi ya ɗauka.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Malaminsa na Turai ya aiko da wasiƙa gajeriya, ya ce jirgi ba ya komawa teku don mutum ɗaya. Waɗanda suka ɗauki nauyin karatunsa suka janye. A jami'a ba wanda ya kore shi, amma aka daina sa shi cikin magana, na'urar da ya yi ta bin sawunta wasu suka hau kanta. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye aikin ya dawo gida da matarsa Rahila da 'yarsu, ya kama koyarwa a wata sakandare. Duk Asabar sai ya ɗauki guduma ya koma rafukan nan yana sake tara abin da ya riga ya tara, yana ta aika wasiƙu ko wani zai taimaka masa da ko da tsakuwa goma ta teku. Ba wanda ya amsa. Yakan biyo ta sitona ya sha ruwa, mu yi wasanmu na da, amma bai ƙara kirana Sarkin Citta ba, ni ma bakina bai ƙara iya cewa Likita ba.

Ciwon shawara ne ya kashe shi. Likitan asibiti ya ce daga ruwa ne, ruwan rafi da yake sha a yawonsa. Ba zan ce ni na kashe shi ba, rai a hannun Allah yake, kuma ba na son in ƙara wa kaina girman da ba nawa ba ko a cikin laifi. Amma na san dalilin da ya mayar da shi rafukan a karo na biyu. Na tsaya a bakin kabari ana waƙoƙinsu, fasto yana magana a kan bawa mai aminci, mutane suna zuwa suna yi mini ta'aziyya a matsayin babban amininsa. Na karɓa.

An ce mini yanzu maganar tsokar ƙasa da tsagar teku ta shiga littattafan ɗalibai, wasu a wasu ƙasashe sun yi awonsu sun rubuta. Da ya ji da ya yi murna, don shi amsar yake so ko daga bakin wa ta fito. Ko namu duwatsun sun shiga lissafin, ban sani ba. Sunansa dai babu.

Watan jiya ina cikin jirgi zuwa Kaduna, wasu malaman jami'a biyu suna zaune kusa da ni. Da muka bar tasha, ɗayan ya nuna wa ɗayan garin ta taga ya ce ai nan ne garin mutumin nan da aka ba duwatsun teku ya watsar. Ya ce duk shekara yana ba sababbin ɗalibansa labarin don su kiyaye. Ɗayan ya ce, "Ai an ce burkutu ne ya yi masa yawa." Suka yi dariya. Filibus bai taɓa kai giya bakinsa ba, mawaƙin coci ne tun yana yaro. Ina zaune gwiwata tana taɓa ta mai maganar. Har muka isa Kaduna ban ce uffan ba. A kan dandamalin tasha na gane cewa shirun da na yi shekara shida da suka wuce bai ƙare ba, kullum sake yin sa nake.

Kafin in kawo wannan rubutu na je wurin Rahila a Samaru Kataf, inda take aikin jinya. Na ɗauka ta sani, na ɗauka miji ba zai ɓoye wa matarsa irin wannan ba. Ashe ita ma abin da ya gaya wa jami'a ya gaya mata. Na faɗa mata komai a tsaye a tsakar gida. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Alhaji, ka san sau nawa na yi masa gori a kan duwatsun nan? Har yana kwance a asibiti na ce masa da ka kula da kayanka da ba mu zo nan ba."



Ta ce, "Ka rubuta. Ka sa sunanka yadda kowa zai gane ka. Shinkafar da kake aiko mana da Kirsimeti kuma ta isa haka, mun gode." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

To ga shi na rubuta. Malamin da ke ba ɗalibansa labarin, in wannan ta kai gare shi, ya ci gaba da bayarwa, amma ya gyara: mutumin ya rubuta wa kowace jaka takardarta, ya ɗaure da hannunsa, ya kai inda duk garin ya yarda da shi, ya ce kar a taɓa. Garba Mai Citta na bayan tashar Kafanchan ne ya taɓa.

Ni mai auna riba da asara ne, don haka na auna wannan ma. A gefena, ƙofar gidan Rahila ta rufe, kuma ba na sa ran za ta buɗe. Manoman da za a karanta wa wannan a ƙauye, wasu za su zo su kwashe cittarsu kafin kaka, ba zan ga laifinsu ba. A gefensa, digirin ba zai dawo ba, amsar da ya nema ba zai ji ta ba, gorin da ya sha a gadon asibiti ba mai janye shi. Abin da ya samu bai wuce 'yarsa, wadda ta shiga aji uku bana, za ta girma ba a ce mata ubanta sakarai ne ba. Shi ya biya da duk abin da yake da shi don in tsira da sunana, na ci moriyar sunan shekara shida, yau na mayar da shi a lokacin da ba zai amfane shi da komai ba. Duk yadda na juya awon nan, shi ne ya yi asara, ni kuma ban ci riba ba.